Idona na hana ni barci, yaran shago kuma sun ce zan saba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a kwalejin fasaha, na gama shekarar farko an tura mu IT, wato koyon aiki a wurin sana'a, na wata huɗu, na samu gurbi a wani shagon walda da ake ƙera ƙofofi da tankuna a nan Kano, mai shagon abokin Babanmu ne tun na yarinta shi ya sa ma aka ɗauke ni. A makaranta an koya mana kiyaye haɗari a wurin aiki amma da na zo nan ko ɗaya ba a yi. Garkuwar fuska guda ɗaya ce, gilashinta ma ya tsage, Oga ne kawai yake ɗauka, sauran yara baƙin gilashin 'yan gayu suke sawa wasu ma runtse ido kawai suke yi. Sau biyu ke nan ina farkawa tsakar dare idona kamar an watsa min yashi, hawaye na ta zuba, yaran shago suka ce in ɗiga madarar gwangwani, wai kowa da haka ya fara zan saba. Da na zo da safar hannu da takalmin sefti na yayana sai suka sa min suna Injiniya suna ta dariya. Jiya kuma an kawo wani tsohon tankin mai, wai sati mai zuwa ni za a koya wa yankawa. Ina jin nauyin Oga, ina tsoron ya ƙi sa min hannu a logbuk, littafin da muke rubuta aikin da muka yi, in kuma na kai ƙara gida Baba zai ce raki ne. Don Allah ya zan yi?

Ɗalibi, daga Kano

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da ƙarshen wasiƙar taka domin shi ya fi tayar min da hankali. Tankin nan kar ka taɓa shi. Kar ka sa masa wutar yanka, kar ka sa masa giranda, injin nan mai faifai na yanka da goge ƙarfe, kar ma ka tsaya kusa in wani ne zai yanka, ko da Oga zai yi fushi, ko da logbuk ɗin zai tafi babu sa hannu. Duk sauran abin da zan faɗa maka a ƙasa ana iya lallaɓawa a bi a hankali, wannan ɗaya kam babu lallaɓawa a cikinsa.

Mutane suna ganin tanki ko duro in babu mai a ciki ai shi ke nan ya zama ƙarfe kawai, alhali wanda babu komai ɗin ya fi fashewa. Ba ruwan man ne yake fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska, kuma ba ya buƙatar yawa, in tururin fetur ya kai kamar kashi 1.5 cikin 100 na iskar da ke ciki to tartsatsi ɗaya ya isa. A duro mai lita 200, cokalin cin abinci ɗaya ko biyu na fetur da ya maƙale a gindi zai iya cika wannan lissafin. Kuma ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da shi, man yana laɓewa a cikin tsatsa da bakin haɗi, da zarar ƙarfen ya ɗau zafi sai ya sake tashi, ko tankin ya shekara a yashe. Na gas da na baƙin mai da na tina ma haka suke in sun ji zafi. Waɗanda suka san aikin sai sun wanke da tururin ruwan zafi, su buɗe duk wata kafa, su auna iskar ciki da na'ura, wani lokacin su cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka, duk da haka a tsorace suke yi. To ina kai da ko wata biyu ba ka yi da riƙe ƙarfe ba? Haka nan in aka ce ka shiga cikin tanki ka yi walda ko fenti tunda kai ne siriri, ka ce a'a, ƙaramin yaro ake turawa irin wannan ramin kuma iskar ciki tana kayar da mutum kafin ya iya kiran wani.

To sai ido. Abin da ke damunka ƙuna ce, hasken walda yana ɗauke da irin hasken nan na rana mai ƙona fata amma mai ƙarfi sosai, shi ne yake ƙona fatar saman ƙwayar idon, kuma ba ya nuna kansa a take sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa kake wuni lafiya lau sai tsakar dare abin ya tashe ka. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wannan saurin warkewar ne ma ya sa yaran shago suke cewa an saba. Ido ba ya sabawa da ƙuna, mutum ne dai yake daina faɗa. Hasken nan in ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru yana cikin abin da ke kawo yanar ido da wuri.

Kuma ka lura da wani abu, mai riƙe wa Oga ƙarfe ya fi Oga shan hasken, shi yana bayan garkuwa ya san lokacin da zai ɗana wuta, kai kuwa hannunka biyu na kan ƙarfe fuskarka a buɗe, sai dai ka ga wal. Don haka ko ba kai ke walda ba kana buƙatar kariya. Farin gilashin sefti mai rufin gefe, irin na roba mai tauri, yana tare mafi yawan wannan hasken da ke zuwa ta gefe kuma yana tare ɓarɓashin giranda, ka sa shi tun daga shigarka shago har fita, sannan ka roƙi mai walda ya dinga cewa "ido" kafin ya ɗana don ka kau da kai. Amma fa ba a kallon wuta da shi. In kai za ka yi waldar sai garkuwa mai baƙin gilashi na ainihi, za ka ga lamba a jikinsa, 10 zuwa 12 ita ce ta irin waldar da kuke yi. Gilashin gayu kuwa yaudara ce, duhunsa yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, gefe da gefe kuma a sake, fuska da wuya duk suna gasuwa. Gilashin da ya tsage shi ma haske na bi ta tsagar.

In abin ya sake tashi da dare, ka zauna a ɗaki mai duhu, ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kan idon a rufe, ka sha farasitamol, kar ka murza. Madarar gwangwani, nonon mai shayarwa, ruwan albasa, ruwan siga, kwalli, babu wanda zai shiga idon nan, fatar idon a ɗaye take lokacin, duk abin da ka ɗiga ƙwayar cuta kake buɗe wa ƙofa. Kar kuma ka je kemis ka ce a ba ka maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take, akwai masu sa ido ya mutu mutum ya ji daɗi amma suna hana warkewa, akwai kuma masu sitiroyid da ke mayar da ƙaramin gyambo babba. In ya wuce kwana ɗaya bai yi sauƙi ba, ko gani ya yi dishi-dishi, ko ido ɗaya ne kawai yake suka a wuri guda, to ƙila ɓarɓashin ƙarfe ne ya maƙale, wannan asibiti ne kai tsaye, kuma a ranar, saboda ƙarfe na fara tsatsa a cikin ido cikin 'yan awanni. Na san a shaguna akwai gwanayen cirewa da tsinken ashana ko gefen takarda ko maganaɗisu, har da masu sa harshe, kar ka ba su idonka. A Kano ba ku rasa wuri ba, ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Tunda ma sau biyu ya same ka, ka je a duba tun yanzu.

Madarar nan dai ta shiga uku a hannun masu walda, a ɗiga ta a ido, a kuma sha wai tana wanke hayaƙi daga ƙirji. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu, ba sa ma haɗuwa a hanya. A 2017 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta saka hayaƙin walda a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. In kuma ƙarfen galbanaiz ne, irin fayif ɗin ruwa mai fari-farin nan, farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare har mutum ya ɗauka maleriya ce ya je ya sha maganin da ba shi yake buƙata ba. Abin da za ka iya yi kyauta shi ne ka yi aiki a fili, ka tsaya yadda iska za ta kwashe hayaƙin ta gefe, kar ka kifa kanka a saman wutar, ka kankare fenti kafin a sa wuta. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan hayaƙin. Tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a ciki, ita kuma ƙurarta bin mutum take har gida. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta, manya ne suke niƙa dutsen zinare a cikin gidaje amma yara sama da 400 ne suka rasu da gubar dalma. Naku bai kai can ba, sai dai darasin ɗaya ne, ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a kwanon abinci, kayan aiki ka cire su a shago, kar ka koma gida ka ɗauki ƙaninka da su.

Giranda ita ce na fi so ka ji tsoro bayan tanki, domin ita kowa ya raina. Ƙaramar nan tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, in faifan ya tarwatse gutsuren fuska da wuya da cinya yake nema. Za ka ga an cire murfin kariyarta wai yana tare gani, ko don a ɗaura babban faifai a ƙaramin inji, alhali kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka a jikinsa, har ranar lalacewa ana bugawa a zoben tsakiya. Faifan da ya faɗi ƙasa ko ya sha ruwa ko ya tsage a baki, a jefar. Kafin ka canja faifai ka zare waya daga soket gaba ɗaya. Sannan ga wani namu na gida da littafin makaranta ba lallai ya faɗa muku ba: ana cikin yanka NEPA ta ɗauke, mutum ya ajiye giranda a ƙasa a kunne ya tafi shan iska, a dawo da wuta ko a tada janareta sai ga ta tana tsalle tsakanin ƙafafun mutane. Da an ɗauke wuta, kashe makunni kafin ka ajiye komai.

Wutar lantarki kuma ka san yadda ake yi, a soka tsirarar waya a soket a tokare da tsinke, kebul duk ya sha ɗauri da leda. Da damina ko in gumi ya jiƙa ka sharkaf kar ka canja sandar walda da hannu tsirara, kar ka tsaya a ruwa ko kan ƙarfen da ake yi wa aiki da silifas. In wuta ta kama wani kar ka rungume shi, ku biyu za ta haɗa, a kashe daga tushe ko a ture shi da busasshen katako, a kira 112 ko a nufi asibiti. Janareta kuma waje, hayaƙinsa mai kisan ba shi da wari.

Takalmin yayan naka ka ci gaba da sawa. Jesin ƙwallo kuwa ka bar shi a gida, irin yadin nan na roba in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata, ka nemi tsohon wandon jins da riga mai dogon hannu ta auduga, kar ka naɗe ƙafar wandon tartsatsi na taruwa a ciki, laita ko ashana kar su kwana a aljihunka. Safar hannu ta fata ta walda ce da ɗaukar ƙarfe, amma in ka zo injin huda ƙarfe ko duk wani abu mai juyawa cire ta, in ya kama safar da hannun zai tafi. In ka ƙone, ruwa mai sanyi za ka yi ta kwararawa na minti 20, ko fiya wata ce a yi ta fasawa, ban da ƙanƙara, ban da makilin da ɗanyen ƙwai da manja da baƙin mai. Ka je a yi maka allurar tetanus tun kafin ƙarfe ya yanke ka. Kunne ma, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji, ƙarar ta wuce ƙima, 'yar robar toshe kunne ba ta da tsada, iyafis kuma ba kariya ba ce, hana ka jin gargaɗi ma take yi.

Yanzu Oga. Ni ban ɗauke shi mugu ba, haka aka koya masa, ya yi shekaru a haka kuma ga shi da ransa, shi ya sa yake ganin ai ba komai. Abin da ba ya lissafawa shi ne waɗanda suka fara tare da shi abin ya ci musu ido ko yatsu, ba sa shagon balle su ba ka labari, masu sa'a ne kawai suka rage suna cewa za ka saba. In suka ce maka ai komai ƙaddara ce, gaskiya ne, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma abin dariyar, shagon naku gaba ɗaya da me yake ci? Ƙofar ƙarfe da bagilari yake ƙera wa mutane don kar ɓarawo ya shiga, ban taɓa jin mai walda ya ce wa kwastoma ya bar gidansa a buɗe tunda ƙaddara ce ba.

Sai dai kar ka je masa da wannan a gaban yara, kar kuma ka buɗe baki da "a makaranta an ce mana", babu abin da tsohon mai sana'a ya tsana kamar yaro ya zo da takarda yana gyara masa aiki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka je kasuwa wajen masu kayan walda ka sayi baƙin gilashin garkuwa guda biyu da farin da ake ɗorawa a gabansa, ɗaya ka sa a garkuwar da za ka saya wa kanka, irin ta riƙewa a hannu ma ta isa farawa, ɗayan ka same shi shi kaɗai bayan sallar azahar ka ce Baba na ga naka ya tsage ne na ce bari in riƙo maka. Da wuya dattijo ya ƙi wannan. Daga nan sai ka ɗora laifin a kan makaranta, ka ce sufabaiza zai zo dubawa kuma in bai gan ka da kayan kariya ba maki zai rage maka, kuma an hana ɗalibai aikin tankin mai. Ka fara tambayar ofishin SIWES na makarantarku, wato masu kula da tura ku IT, don maganar ta zama da tushe, ba na jin akwai malamin da zai ce maka je ka yanka. Ka ga ka ba shi hanyar da zai janye ba tare da ya ji yaro ya ƙure shi ba.

Baba kuma kar ka kai masa ƙara da rana kana lafiya, nan ne zai ce raki. In idon ya tashi ka tashe shi ya gani da idonsa, ko ka bi ta wajen Mama, ka kuma gaya masa maganar tankin tun yau, shi da abokinsa akwai maganar da za su yi a minti biyu wadda kai ba za ka iya yi a wata huɗu ba.

Ta fuskar doka ba roƙo kake ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki samar da kariyar ido ga masu irin wannan aikin, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma, wadda NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ke kula da ita, ta haɗa har da masu koyon sana'a, mai wuri ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, wanda ya ji rauni kuma ana so ya sanar da mai wurin cikin kwana 14. Amma gaskiya tsakani da Allah yawancin shagunan bakin titi ba su san da wannan ba balle rajista, in abu ya faru "Allah ya kiyaye gaba" ne da ɗan kuɗin magani, don haka kar ka jingina da diyya. Duk raunin da ka ji dai ka rubuta rana da yadda ya faru, ka ajiye katin asibiti. Logbuk kuma ba a hannun Oga kaɗai yake ba, shirin na ITF ne, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, da makarantarku, in wuri ya zama haɗari ana canja wa ɗalibi, a Sharaɗa da Bompai da Challawa akwai kamfanonin da ke ɗaukar 'yan IT. Amma ka sanar da makaranta kafin ka daina zuwa, kar ka ɓace kawai a rubuta maka gudu.

Yaran shago kuwa ka bar su da sunansu, ai ba zagi ba ne, abin da ka je makaranta nema ke nan. Ka amsa da fara'a, ka riga kowa zuwa, ka share wuri ka naɗe kebul ka kwashe guntayen ƙarfe daga hanya, wanda duk cikin kiyaye haɗarin ne, in sun ga ba ƙyuyar aiki ce ta sa ka saka kayan ba dariyar ba ta daɗewa. In wani a cikinsu ya ce ara min gilashinka ka ba shi, amma ka tsaya sai ya dawo maka da shi kafin ka koma bakin wuta.

Ka rubuto min bayan ka je asibitin, ina son jin abin da likita ya ce. Ka gaida Baba.

Kawu